Kambun Tsirrai Mai Rai: Abubuwa Takwas Masu Ban Mamaki

A Turai da Amurka akan rataya kambun ganye a ƙofar gida lokacin bukukuwa, in ya bushe a zubar. Akwai kuma wanda ake haɗawa da tsirrai masu tara ruwa a jikinsu, masu hali irin na ƙerana da kariya. Shi wannan girma yake yi a rataye, yakan kuma yi shekaru, kuma yawan hidima ya fi sakaci saurin kashe shi.

1. Babu tukunya. Zoben waya ne ake cusa wa gansakukar fadama mai suna sfagnum, wadda ke riƙe ruwan da ya kai ninki 20 na nauyinta. A Yaƙin Duniya na Farko, tsakanin 1914 da 1918, da auduga ta yi ƙaranci, da wannan gansakuka aka riƙa ɗaure raunukan sojoji.

2. Ba da saiwa ake dasa su ba. Kawunan tsirran ake yankowa, a bar su a inuwa 'yan kwanaki har bakin yankan ya bushe. Wanda aka soka da ɗanyen rauni ruɓewa yake yi. Bayan an dasa, sai kambun ya yi mako shida zuwa takwas a kwance kafin a rataya shi, in ba haka ba tsirran su zube.

3. Da hannu ake gane ƙishinsa. A ɗaga shi: in da nauyi, a ƙyale shi. In ya yi sakayau, a tsoma gindinsa cikin daro na wasu mintoci, a bari ya tsane. Ganyen da ya yamutse ruwa yake nema. Wanda ya yi rawaya ya yi laushi, ruwa ne ya yi masa yawa.

4. Da dare suke shaƙar iska. Don kada ruwa ya tsere, sukan rufe ƙofofin ganyensu da rana, su buɗe da dare, su adana iskar kabon a matsayin sinadari mai tsami. A 1815 aka buga bayanin wani likita a Indiya, Benjamin Heyne, wanda ya ɗanɗana ganyen irin wannan tsiro ya ji tsami da safe, da rana ta yi kuma tsamin ya gushe. Abarba ma haka take yi.

5. Farar hodar kan ganye ba ƙura ba ce. Kakin da tsiron ke yi ne don kare kansa daga zafin rana. Inda yatsa ya goge, da wuya ta dawo a wannan ganyen.

6. Wahala ke ƙara musu kyau. Hasken rana, sanyi da ƙarancin ruwa ne ke sa bakin ganye ya yi ja ko shunayya. A ɗaki mai duhu sai launin ya koɗe, karan ya yi ta miƙewa neman haske, kambun ya ɓaci. Ranar hantsi ta fi dacewa da su, ta tsaka kuwa tana ƙona su.

7. Har sarki ya yi doka a kan ɗayansu. Wajajen shekara ta 800, wata doka ta zamanin Sarki Shalman na Turai ta umarci masu lambu su shuka Sempervivum a kan rufin gidajensu. Mutanen da sun ɗauka yana kare gida daga tsawa. Wannan tsiro sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, sannan ya mutu, 'ya'yan da suka kewaye shi su cike gurbin.

8. Ana satarsu daga daji. Kasuwar ƙawa ta sa ɓarayi ke tuge tsiron Dudleya daga duwatsun gaɓar tekun Kalifoniya suna fitarwa zuwa Asiya, har jihar ta kafa dokar hana hakan a 2021. A Afirka ta Kudu ma hukuma na yawan kama masu fasa-ƙwaurin tsiron Conophytum. Ga shi kuwa yawancin tsirran kambu ba sa buƙatar a je daji: ganye ɗaya na Echeveria, in aka ajiye shi a kan ƙasa mai yashi, zai iya fitar da saiwa da sabon kai cikin 'yan makonni.