Auren da ba a rubuta ba da fanshon matan mazan jiya a ƙasar Madarumfa

A ƙasar Madarumfa, wadda ke kudu da birnin Maradi har zuwa iyakar Najeriya ta wajen Ɗan Isa, aure yana tabbata ne kamar yadda yake tabbata a sauran ƙasar Hausa, wato idan wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, aka ambaci sadaki a bainar jama'a, shaidu suka ji da kunnuwansu, liman ya shafa Fatiha, sannan aka raba goro. Wannan tsari na mazhabar Malikiyya ya wadatar wajen gado da nasabar ƴaƴa da takaba, kuma babu wanda ya taɓa ganin gibi a cikinsa. Gibin yana bayyana ne ranar da matar tsohon soja ta fita takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta nemi kasonta na fanshon mijinta, ta tarar cewa hukumar da ke riƙe da kuɗin tana son ganin takardar da ke ɗauke da sunan miji da na mata da ranar ɗaurin aure da hatimin gwamnati, alhali a lokacin da aka ɗaura auren babu wanda ya rubuta komai.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne matan mazan jiya da suka yi wa Faransa aikin soja. Tun daga dokar 1919, wadda ta wajabta aikin soja na shekara 3 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, an riƙa ɗibar samari ta hannun sarakuna da masu gari, kuma wasu daga cikinsu sun yi Yaƙin Duniya na Biyu, wasu an kai su Madagaska a 1947, wasu Indoshin tsakanin 1946 da 1954, wasu kuma Aljeriya daga 1954. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya kafin a kafa rundunar sojojin Nijar a 1961. Mafi yawansu dai ba su zama kowa ba a gwamnati, sun koma garuruwansu sun kama noman hatsi da gyaɗa, suka yi aure ko suka ƙara, sau da yawa da ƴan matan da suka girme wa da shekaru masu yawa, abin da ya sa mata da dama suka rayu shekaru bayan mazansu sun kwanta dama.

Kuɗin da Faransa ke biyan tsohon soja iri uku ne, kuma rashin bambance su ya sa iyalai da yawa wahalar banza. Akwai ɗan alawus na wanda ya riƙe katin shaidar zuwa fagen fama, wanda yake mutuwa tare da mai shi, ba a gadonsa. Akwai fanshon nakasa, na wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Akwai kuma fanshon ritaya, wanda bisa ƙa'ida sai wanda ya cika shekara 15 a soja yake samu. A na biyun da na ukun ne mata take iya samun kaso, kuma a fanshon ritaya kason rabin abin da mijin ke karɓa ne, wanda ake rabawa idan matan sun fi ɗaya.

Tarihin wannan haƙƙi bai tafi a miƙe ba. A watan Disamba na 1959, ana gab da samun ƴancin kai, majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, ma'ana daga 1 ga Janairu 1961 kuɗin ya tsaya a inda yake, ba ya ƙaruwa ko da na takwarorinsu Faransawa ya ƙaru, kuma aka mayar da shi wata diyya ta mutum shi kaɗai, wadda bisa asali ba ta wucewa ga matarsa sai da sassauci na musamman. Haka aka zauna shekara arba'in, har wani tsohon saje ɗan Senegal mai suna Amadou Diop ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci ranar 30 ga Nuwamba 2001 cewa bambanta tsofaffin sojoji saboda ƙasarsu nuna wariya ne, ko da yake shi kansa bai rayu ya ji hukuncin ba. Dokokin 2002 sun ɗan ɗaga kuɗin, suka kuma sake buɗe wa mata ƙofa. A 2007 aka daidaita alawus ɗin fagen fama da fanshon nakasa, bayan fim ɗin Indigènes na 2006 ya tayar da maganar. Sai ranar 28 ga Mayu 2010 Majalisar Tsarin Mulki ta Faransa ta soke abin da ya rage na daskarewar, aka fara aiki da sabon tsari daga 1 ga Janairu 2011. Sai dai wani ɓangare na gyaran ba ya zuwa da kansa sai an nema a rubuce, kuma kafin wannan lokaci mafi yawan sojojin sun rasu, nauyin nema ya faɗo kan tsofaffin mata waɗanda ba su yi boko ba.

Dalilin da ya sa ranar aure ta zama jigon maganar shi ne dokar fanshon Faransa ba ta tsaya ga tambayar ko an yi aure ba, tana tambayar yaushe aka yi shi. A dokar da ke aiki yanzu, mata tana da haƙƙi idan an haifi ɗa a auren, ko auren ya kai shekara 4, ko an ɗaura shi shekara 2 kafin mijin ya bar aiki. Tsohuwar doka ta 1948 ta fi tsanani, domin ta fi jingina haƙƙin ga auren da ya riga sallamar soja, kuma ranar rasuwar miji ce ke nuna dokar da za a bi. Ke nan shekara ɗaya tak, gaba ko baya, tana iya raba mace da kuɗin da za ta ci har ƙarshen rayuwarta. Akwai kuma sharaɗin da ya ci karo da al'adar Hausawa kai tsaye, wato matar da ta sake aure haƙƙinta yana tsayawa muddin tana cikin sabon auren, alhali a ƙasar Hausa ba a son mace mai sauran ƙuruciya ta daɗe tana zawarci.

Gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta san lambar kowane soja da ranar da aka ɗauke shi da jirgin ruwan da ya shiga, ba ta shimfiɗa rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta isa ƙauyuka ba. Dokar Mandel ta 1939 da dokar Jacquinot ta 1951 sun yi magana a kan shekarun aure da yardar mace da yawan sadaki, amma ofisoshin rubutawa suna manyan garuruwa ne, kuma talaka ba ya kusantar ofishin kwamanda sai dole, tun da daga can haraji da aikin tilas suke fitowa. Saboda haka hukumar da ba ta rubuta auren ba a lokacin da take da iko, ita ce daga baya ta ce sai an kawo mata shi a rubuce, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a rufe shi da sunan bin ƙa'ida ba.

Mafitar da dokar Nijar ta tanada ita ce hukuncin kotu mai maye gurbin takardar da ba a yi a kan lokaci ba, wanda ake kira jugement supplétif ko jugement déclaratif da Faransanci. Matar, ko ɗanta a madadinta, tana zuwa gaban alƙali da shaidu waɗanda suka halarci ɗaurin auren ko suka san zaman, alƙali ya saurare su, ya yanke cewa an ɗaura aure tsakanin wane da wance a gari kaza a shekara kaza, sannan a shigar da hukuncin cikin rajistar ma'aikatar magajin gari a ba da kwafi. Wahalar tana wajen shekarar, domin dattijon da ya ci goron auren ba ya lissafi da kalandar Nasara. Abin da zai ce shi ne an yi bikin da kaka, bayan an ɗaure hatsi, damina biyu bayan ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maradi, ko kuwa ana cikin zaɓen i ko a'a na zamanin Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba. Aikin alƙali da magatakarda shi ne su mayar da wannan zance lamba, tun da an san ambaliyar Maradi a 1945 ta faru, zaɓen raba gardamar kuma ranar 28 ga Satumba 1958. Irin wannan shaida tana da ƙarfi fiye da yadda ma'aikacin ofis ke zato, domin mutum yana iya manta lamba amma ba ya manta abin da ya faru a garinsu.

Duk da haka, samun hukuncin a Nijar rabin tafiya ne. Takardun suna zuwa ofishin fanshon sojoji da ke La Rochelle a Faransa, inda ake gwada su da fayil ɗin sojan, wanda asalinsa ke ma'ajiyar takardun soja a garin Pau, kuma idan aka ƙi, sau da yawa a kotun harkokin mulki ta Poitiers ake ƙara. Dokar Faransa tana karɓar takardun wata ƙasa muddin babu alamar jabu ko saɓani da gaskiya, amma hukuncin da aka yanke shekara arba'in bayan aure, musamman bayan rasuwar miji, ana kallonsa da shakka. Saɓani kuwa ba ya wuyar samuwa. Suna ɗaya yana fitowa Haoua a wata takarda, Awa a wata; Mahamane ya zama Maman; matar da aka raɗa wa suna ranar bakwai kowa ya san ta da sunan rana irin su Laraba ko Lami, kuma da shi aka yi mata katin ɗan ƙasa. Shekarar haihuwa ma ƙiyasi ce, don haka ana iya rubuta wa mace shekarar da, in aka lissafa, za ta nuna an aurar da ita tana ƴar shekara biyar. Wani sojan kuma an rubuta shi marar aure ranar da aka ɗauke shi, ba a sake gyarawa ba har ya fita.

Shi ya sa abin da ke cikin akwatin ƙarfen mamaci ya fi kowace shaida daraja. A nan ake samun littafin soja mai ɗauke da lambarsa, da takardar sallama, da littafin karɓar fansho, da lambobin yabo a naɗe cikin tsumma, wani lokaci har da takardar alawus ɗin iyali wadda ta ambaci sunan mata tun mijin yana aiki. Takardun haihuwar ƴaƴa, da tsohon katin iyali na haraji wanda mai gida ke jera matansa da ƴaƴansa, da takardar rabon gado inda aka fitar wa matar da tumuninta, duk suna ƙarfafa hukuncin, domin an rubuta su ne tun babu wanda ke tunanin fansho.

Wannan matsala ba a Nijar ta fara ba. A Amurka, dokar 4 ga Yuli 1836 ta ba matan sojojin yaƙin neman ƴanci fansho, da sharaɗin an ɗaura auren kafin mijin ya gama aikin soja. A 1838 aka sassauta zuwa auren da ya riga 1794, a 1848 zuwa wanda ya riga farkon 1800, sai a 1853 aka cire sharaɗin rana. Da yake garuruwa da yawa ba su da rajista a wancan zamani, tsofaffin mata sun riƙa yage shafin Baibul na gida, inda aka rubuta aure da haihuwar ƴaƴa, suna aikawa ofishin fansho tare da rantsuwar maƙwabta. Abin da ya fi kusa da halin Madarumfa shi ne na matan baƙaƙen sojojin yaƙin basasa, waɗanda doka ba ta san aurensu ba saboda sun yi shi suna bayi. A 1864 majalisar Amurka ta yarda a karɓi rantsuwar amintattun shaidu cewa mutanen biyu sun zauna a matsayin miji da mata na shekara 2, wato gwamnati ta amsa cewa rashin takardar daga tsarinta ya fito.

A yau dokar 2019 ta rajistar al'umma a Nijar ta ba da kwana 60 a bayyana aure ko haihuwa ko mutuwa, akwai cibiyoyin bayyanawa a ƙauyuka, kuma lokaci zuwa lokaci alƙalai suna fita zaman shari'a na tafi-da-gidanka don ba da hukuncin maye gurbi ga waɗanda wa'adi ya wuce musu. Ga matan sojojin Faransa da suka rage, hanya ta ƙara tsawo tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon Janairu 2024, kuma shaidun aurensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Amma maganar ta wuce su, domin sojojin Nijar 71 da suka faɗi a Inates a Disamba 2019, da 89 na Chinagodrar a Janairu 2020, da waɗanda suka biyo bayansu, da yawansu samari ne da suka bar mata masu ƙuruciya da jarirai, kuma asusun fanshon Nijar shi ma takardar aure da ta mutuwa da ta haihuwar ƴaƴa yake nema. Sojan da aka ɗaura wa aure a zauren gidan surukinsa a Safo ko Gabi ko Jiratawa yana da wata biyu ya je da waliyyi da shaidu a rubuta shi, sannan ya kai kwafi a saka cikin fayil ɗinsa na bariki, da sunan matar kamar yadda yake a katinta.