Ragowar Tuwo da Masu Haƙƙi a Kanta: Kaji, Karnuka da Namun Dawa a Bukan Sidi

Wanda ya fito daga tsakiyar birnin Lafiya ya kama hanyar Jos, ya nufi Shabu da Nasarawa Eggon da Akwanga, ba makawa sai ya ratsa Bukan Sidi, ɗaya daga cikin unguwannin da suka bunƙasa tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka yanko Jihar Nasarawa daga Jihar Filato aka mai da Lafiya babban birninta, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta kwararowa neman matsuguni, har gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje. Bakin titi duk shaguna ne da gidajen mai da ƙarar babura. Amma in mutum ya ratse ya shiga lungu, ya ɗan yi nisa da kwalta, sai ya tarar birnin bai gama haɗiye ƙauyen ba tukuna: ga kaza da 'yan tsakinta suna tono a gindin mangwaro, ga kare kwance a ƙofar gida, ga kangon da aka aza wa harsashi aka bari har ciyawa ta rufe shi, a cikin ciyawar nan kuwa akwai halittun Allah da suka riga mutane zama a wurin, ba su kuma tashi ba.

Lafiya, wadda Barebari suka kafa a ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, tana zaune ne a ƙasa mai ni'ima, a tsakiyar Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani, saboda haka tukunyar gidan Bukan Sidi ta ɗebo daga kowace al'umma. Uwargidan da ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka jiya, ita ce za ta kirɓa sakwara da miyar agushi yau, gobe ta yi miyar riɗi, domin doya da agushi da riɗi da rogo da shinkafa su ne arzikin wannan ƙasa, gishiri ma tun zamanin kakanni ake dafa shi a Keana da Awe. Sai dai maganata a nan ta fi karkata ga abin da ke saura bayan an ci an ƙoshi, gama ina da yaƙinin cewa lafiyar gida, ta mutane da ta dabbobi, tana rataye ne da inda ragowar nan take zuwa.

Tadbirin iyayenmu a kan wannan al'amari cikakke ne, ko da yake ba a rubuce yake ba. Dusar da aka surfe da tsakin da aka tankaɗe rabon kaji ne, ɓawon doya na awaki, ƙashi da ƙanzon da ya wuce amfani na kare, kashin kajin kuma a share shi a zuba a gindin kuɓewa da alayyafo da barkonon da aka shuka a bayan ɗaki, su yi kyau su komo cikin miya. Ba abin da ke tozarta, kuma wannan ya dace da hanin da Alƙur'ani mai girma ya yi ga israfi da almubazzaranci.

Kazar gida, wadda ake ce wa kazar Hausa don a bambanta ta da ta gidan gona, ita ce asusun mace, domin ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka nemi kuɗin littafi, ko baƙo ya sauka ba zato, ba a zuwa roƙon kowa, sai dai a sa yara su kamo ɗaya. Takan saka ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta maimaita haka kamar sau uku a shekara. Masu dabara kuma sukan sa mata ƙwan zabo da damina, ta kwanta masa wajen kwana 28, tun da zabuwa ba ta da haƙurin reno. Kazar gidan gona ta nama takan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, ta gida kuwa sai ta yi wata biyar ko shida tana kiwo, tana cin gara da fara da ƙwayoyin ciyawa, wannan jinkirin kuwa shi ne asirin ɗanɗanonta. Duk wanda ya san girki ya san ba a yi mata gaggawa. A yanka da bisimilla, a tsoma a ruwan zafi a fige, a babbake sauran gashin a kan garwashi, a wanke, a ɗora da albasa da citta da kanumfari da masoro da kimba da 'yar daddawa, a bar ta a kan wuta mai sauƙi har ƙashi ya saki romonsa, sa'an nan ne farfesu yake zama abin da ake kai wa mai jego da majinyaci su ji ƙarfi ya komo musu. A unguwa irin wannan, inda Musulmi da Kirista ke zaune katanga ɗaya, kwanon nan yakan tsallaka maƙwabta da Salla, ya sake tsallakowa da Kirsimeti, kuma ni ina ganin wannan yana daga cikin mafifitan ayyukan da kaza ke yi wa Lafiya.

Amma asusun nan yana da ɓarawon da ke zuwa kusan kowace shekara, galibi da hunturu. Sai a wayi gari kaza ta takure, fukafukai sun saki, tana numfashi da ƙyar, tana zawo kore-kore, wata ma wuyanta ya murɗe. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama wayam, na maƙwabta ma haka. Wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jawa na Indunisiya da birnin Niyukasil na Ingila, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya, a Ibadan, a farkon shekarun 1950. Mata sukan jiƙa barkono ko tafarnuwa ko ɓawon maɗaci a kaskon ruwa, wasu su fasa kafson nan mai ja da rawaya su zuba, alhali kuwa ƙwayar cutar ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce, ba ta da magani in ta kama, riga-kafi kaɗai gare ta. Abin da ya fi muni shi ne al'adar garzayawa kasuwa da kajin da suka fara nuna alama don a rage asara, domin mai yin haka ya sayar wa ɗan'uwansa aibi a ɓoye, wanda shari'a ta kira algus ta kuma haramta, sa'an nan ya ɗauki annobar ya kai ta wata unguwa da hannunsa.

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to, ba ƙadangare kaɗai ke zuwa ba. Shirwa da shaho suna shawagi da hantsi suna dakon ɗan tsakon da ya yi nisa da uwarsa, hankaka yana ɗaukar ƙwai, tunku da muzuru suna zuwa da dare, damo yana fitowa daga kango, kumurci kuma yana bin ƙwai da ɓeraye har cikin akurki. Manyan namun dawa sun daɗe da ja da baya, wanda ke son ganin wurinsu sai ya kama hanyar Shendam zuwa gandun dajin Pandam a Jihar Filato. Ƙananan ne suka zauna da mu, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su duka abokan gaba. Shirwar da ta sure ɗan tsako tana cin ɓeraye da mushe, tunku yana kashe macizai, ungulu kuwa, wadda dā take cika mahauta tana share ƙazanta, ta yi ƙarancin da tun 2015 masana suka sa irinta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don tsibbu. Maganin shirwa kwando ne da za a kife 'yan tsaki a ciki makonnin farko, maganin tunku akurki ne mai ƙofa da ba shi da rami, maganin maciji share ciyawa da kwashe tarin bulo da itace daga jikin ɗaki. In kumurci ya tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. In sara ne, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a nufi asibiti.

Saboda waɗannan baƙin dare, da kuma ɓarayi masu ƙafa biyu, gidaje da yawa suke ajiye kare, a nan ne kuma mutane ke shiga ruɗani, wasu na ganin kare najasa ne tun daga hanci har wutsiya. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasar nan, kowane mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa da guminsa, wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa malamanmu sun ɗauke shi ta'abbudi ne, wato bin umurni, ko da yake Shafi'iyya sun saɓa musu a kan haka. Gaskiya ne Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, ta taƙaita ajiye kare ga tsaron shuka da dabbobi da farautar neman abinci. Amma masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa marubucin, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Daga nan fuƙaha'u da yawa suka halatta karen gadi inda akwai bukata ta haƙiƙa.

Halaccin nan yana tafe da amana, kuma a nan ne nake ganin muka fi gazawa. Mutum ya karɓo ɗan kwikwiyo, ya ɗaure shi a rana da guntun igiya, ko ya sake shi ya ci da kansa a juji, ba ruwa, ba inuwa, ba allura, alhali hadisi ingantacce ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Karen da ke yawon juji shi ne ke cuɗanya da baƙin karnuka, shi ne kuma ke komowa gida da ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne ke wasa da kare, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. In alamu suka bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, to, sai dai addu'a. Amma kafin su bayyana akwai cikakkiyar mafita, tun daga 1885 da Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurar. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar don a fara allura, a tsare karen a lura da shi kwana 10 in ya yiwu. Ƙona gashin kare a shafa a miki, kamar yadda wasu ke yi, ba ya hana komai.

Akwai kuma mai cin ragowar da ba wanda ya gayyata. Kwanon da aka bari a buɗe da dare, da garin rogo ko masarar da aka shanya a ƙasa, da tarin dusa a kusurwar madafi, duk kiran ɓera ne, wani irin ɓera mai yawan nonuwa kuwa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, wanda kuma Jihar Nasarawa ta sha fama da shi. Yakan tsananta da rani, daidai lokacin da samari ke cinna wa daji wuta suna farautar gafiya, ƙananan ɓerayen su gudo cikin gidaje su bar fitsari da kashi a kan abinci. Saboda haka a ba kaji da kare rabonsu da sauran hasken rana, gwargwadon abin da za su cinye, a kife kasko, a rufe hatsi a mazubi mai murfi, a shanya abinci a bisa.

Abin da ya rage shi ne riga-kafi, kuma ba nesa yake ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, tana sarrafa allurar haukan kare da riga-kafin Niyukasil, har da irin wanda ake kira I-2, wanda masana a Ostiraliya suka samar musamman don kajin ƙauye saboda ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Cikas ɗin shi ne kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, in an buɗe ta kuma ba ta daɗewa, mace mai kaji takwas ba za ta saya ita kaɗai ba. Haka nan likitoci sun tabbatar cewa haukan kare ba ya yankewa a wuri sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wurin allura. Ashe ke nan aikin na layi ne gaba ɗaya. Mai unguwa ya sa rana a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta sauko, limami ya sanar bayan salla, fasto ya sanar ranar Lahadi, a haɗa kuɗi a gayyato ma'aikacin asibitin dabbobi, kowane gida ya hana kajinsa fita da safe har a bi su ɗaya bayan ɗaya, masu karnuka kuma su kawo nasu a ɗaure, a rubuta ranar a takarda don a san lokacin maimaitawa.