Taku Daban, Ƙafa Daban: Faɗakarwa Ga Masu Sayen Fili a Bayan Ƙofar Kabuga

Cinikin filaye a unguwannin da suka bazu yamma da Ƙofar Kabuga, irin su Janbulo da Tudun Yola da Rijiyar Zaki, yakan ƙare a gaban mai unguwa ko alƙali, kuma sau da yawa tushen rigimar shi ne awo. Ma'aunan gargajiya, wato taƙi da kamu da gaba da taku, duk a jikin mai awo suke, don haka tsawonsu yakan sauya daga mutum zuwa mutum.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa, wanda wasu dillalai ke ci da shi, shi ne ɗaukar taku a matsayin ƙafar da ake rubutawa a takardar fili. Ƙafa ma'auni ce tsayayya, inci 12 ko santimita 30.48, kamar yadda ƙasashe masu amfani da ita suka daidaita a 1959, alhali tafin ƙafar yawancin manya bai kai santimita 30 ba. Idan mai tafi na santimita 26 ya jera diddige da yatsu sau hamsin, abin da ya auna mita 13 ne, ba mita 15.24 da ƙafa hamsin ke bayarwa ba, kuma a fuloti hamsin-hamsin wannan giɓi ya haura rubu'in filin baki ɗaya. Abin takaici shi ne mutumin da zai tsaya a kan yadin shadda a Kantin Kwari har sai an sake gwadawa, shi ne zai miƙa miliyoyi bisa takun wanda bai sani ba, ko da yake Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani game da tauye awo. 

Wajibi ne mai saye ya je filin da tef ɗin awo, ya auna dukkan ɓangarori huɗu a gaban shaidu da maƙwabta, ya sa a rubuta ko ƙafa ake nufi ko mita, tunda mita hamsin-hamsin ta ninka ƙafa hamsin-hamsin fiye da sau goma. Sannan ya ɗauko safiyo ya kafa turakun iyaka, ya kuma bincika takardu a hukumar kula da bayanan filaye ta KANGIS. Kada kowa ya biya ko sisi kafin a ja tef.