Gadar Gwamna Lugga

Duk yaron da ya tashi a Rabah, ko Wurno, ko Goronyo, ya san halin gulbi da damina. In ruwa ya kawo, inda babu gada sai a nemi jirgi, ko a zauna a bakin gaɓa ana jira. Saboda haka gada abu ne mai daraja, ko da ta tsufa.

Akwai wata tsohuwar gada a Arewa wadda ake kira Gadar Gwamna Lugga. An kafa ta a Zungeru, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1904. A zamanin nan Zungeru ce hedkwatar Turawan mulki a Arewa. Gadar ta ƙarfe ce, 'yar siririya, ta masu tafiya a ƙasa. Ta kanta ake ƙetare rafi a tafi gidan Gwamna.

Da hedkwata ta koma Kaduna, sai Zungeru ta yi sanyi. Da an bar gadar nan a can ba mai kula, da tsatsa ta cinye ta. Amma daga baya aka kwance ta, aka ɗauko ta, aka sāke haɗa ta a wani lambu a Kaduna, wanda ake kira Gamji. A shekarar 1956 Gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihi waɗanda doka ta hana a ɓata. A lokacin kuwa Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, shi ne Firimiyan Arewa.

Abin mamaki, babban maƙiyin gada shi ne ruwa. Shi ke sa ƙarfe ya yi tsatsa, shi ke sa katako ya ruɓe. Don haka ake kankare gadar ƙarfe, a shafa mata fenti. A ƙauyukan Amurka kuwa, mutanen da sun yi wata dabara. Suka riƙa yi wa gadojinsu na katako rufi, kamar ɗaki. Wadda ba rufi ba ta cika wuce shekara 20 ba, amma mai rufi takan kai shekara 100.

Gadar Lugga ta haura shekara 120 ke nan. Ba ƙarfinta kaɗai ya kai ta haka ba, kula da aka yi da ita ne. Gaskiyar Hausawa da suka ce rigakafi ya fi magani.