Gargaɗin da Excel Ke Yi Maka Kullum: Yadda Za Ka Rage Shi Ba Tare da Ka Kori Maigadi Ba

Duk wanda abincinsa ke fitowa daga Excel ya san zanen nan mai ruwan ɗorawa da ke shimfiɗuwa a saman shafi da zarar an buɗe wani fayil. Akawu a ƙarshen wata ya san shi, malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa ya san shi, haka ma mai kula da sito. Saƙon ɗaya ne: an dakatar da makro, idan kana so ya yi aiki ka danna Enable Content. Wani lokaci kuma wani akwati ne zai tsaya maka a gaba, yana cewa fayil ɗin na da mahaɗi da wasu fayiloli, a sabunta alƙaluman ko a bar su? Abin haushin shi ne, sau da yawa kai ka haɗa fayil ɗin da hannunka, shekara uku kana aiki da shi, amma kullum sai an tsare ka a ƙofa kamar baƙo.

Akwai hanyar rage wannan tsaiko, kuma halastacciya ce, Microsoft da kansa ya tanade ta. Sai dai kafin a taɓa komai, ya kamata a san abin da ake tsaro.

Makro jerin umarni ne da ake ajiyewa a cikin fayil don kwamfuta ta maimaita aikin da zai ɗauki mutum awanni: ta tara albashi, ta cire haraji, ta tsara sunaye, ta buga takardar kowa. Ana rubuta shi da harshen VBA, wanda ya shigo Excel a 1993. Ƙarfinsa bai tsaya a gidajen lissafi ba. Yana iya goge fayiloli, ya sauko da wata manhaja daga intanet, ya aika imel da sunanka, kuma ana iya tsara shi ya tashi da kansa daga buɗe fayil, tun kafin ka karanta layi ɗaya. Kusan duk abin da kai za ka iya yi a kwamfutarka, shi ma zai iya.

Miyagu ba su daɗe ba suka gane haka. A 1995 ƙwayar cutar Concept ta bazu ta takardun Word, a 1996 Laroux ta kama fayilolin Excel. A watan Maris na 1999 Melissa ta bayyana a Amurka: ka buɗe takardar, ta aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshinka na Outlook, har wasu manyan kamfanoni suka rufe imel ɗinsu. Wanda ya rubuta ta, David L. Smith, an ɗaure shi wata 20. Wanda ya fi tayar da hankali ya faru a Yukiren ranar 23 ga Disamba, 2015, lokacin da aka katse wutar lantarki ga masu amfani da ita kimanin 225,000. Watanni kafin nan an turo wa ma'aikatan kamfanonin wutar takardun Office masu makro ta imel, wasu suka amince makron ya yi aiki, ta nan maharan suka samu gindin zama. Salon kura da fatar akuya ne: takardar za ta nuna rubutu dishi-dishi, ta ce sai ka danna Enable Content za ka iya karantawa. Ba su fasa ƙofa ba, maigidan ne ya buɗe musu.

A nan ne nake da ra'ayin da wasu za su ga kamar ya saɓa wa hankali. Barin gargaɗin yana fitowa kullum a kan fayil ɗin da ka yarda da shi ba tsaro ba ne, koyar da hannunka ɗabi'a ne. Mutumin da ke danna maɓallin nan sau goma a rana, ranar da mugun fayil zai zo da sunan takardar biyan kuɗi, yatsansa zai riga idonsa. Sabo turken wawa. Idan kuwa fayilolinka na yau da kullum suna buɗewa shiru, ranar da zanen ya fito za ka tsaya ka tambayi kanka: wannan kuma daga ina?

Gurguwar hanya, wadda mai gyaran kwamfuta mai gaggawa zai nuna maka, ita ce a shiga Trust Center, sashen tsaro na Excel, a zaɓi umarnin da ke barin kowane makro ya yi aiki. Nan take gargaɗin zai ɓace, ka yi masa godiya. Abin da ya yi shi ne ya sallami maigadi saboda yana yawan tambayarka suna. Microsoft ma ya rubuta a gefen zaɓin cewa bai ba da shawarar a yi haka ba. Idan ka tarar da kwamfutar ofishinku a haka, mayar da ita kan zaɓin da ke dakatar da makro tare da sanar da kai.

Hanya mafi sauƙi kana yin ta ba ka sani ba. Tun daga Office 2010, idan ka danna Enable Content sau ɗaya, Excel na tuna fayil ɗin a matsayin amintacce a wannan kwamfutar. Amma sunansa da wurin zamansa yake riƙewa. Ka sauya masa suna daga albashin Janairu zuwa na Fabrairu, ko ka matsar da shi wata folda, sai ya dawo baƙo. Shi ya sa masu kwafar fayil kowane wata ba sa rabuwa da zanen.

Ga irin waɗannan, maganin shi ne amintaccen wuri. Ka ƙirƙiri folda guda, ka shiga File, sai Options, sai Trust Center, ka buɗe saitinsa, ka zaɓi Trusted Locations, ka ƙara foldar a jerin. Daga nan duk fayil ɗin da ke cikinta zai buɗe da makronsa ba tambaya. Ka lura da kalmar duk. Excel ba ya duba abin da ke cikin fayil ɗin. Ɗakin ya yarda da shi, don haka kowa ya shiga ɗakin ya zama ɗan gida. Saboda haka kada ka kuskura ka amince da foldar Downloads, ko Desktop, ko Documents gaba ɗaya, balle tushen faifan C, domin nan ne duk tarkacen imel da intanet ke sauka. Foldar ta zama ƙarama, mai suna bayyananne, ba abin da zai shige ta sai abin da ka ɗauka da hannunka ka ajiye. Akwai gurbin da ke tambaya ko a amince da ƙananan foldoji na cikinta, akwai kuma wanda ke ba da damar amincewa da foldar da ofis ke tarayya a kai. Na biyun ya fi haɗari: idan mutum ashirin na iya ajiye abu a wurin, tsaronka ya koma daidai da na wanda ya fi kowa sakaci a cikinsu.

Ma'aikatar da ke raba fayil ɗaya ga rassa da yawa ta fi dacewa da sa hannu na dijital. Wanda ya rubuta makron zai buga masa hatiminsa, kwamfutocin ma'aikata su amince da mai hatimin. Idan wani ya taɓa rubutun makron a hanya, hatimin ya lalace, gargaɗi ya dawo. Wannan ya fi amintaccen wuri inganci, domin marubucin ake tantancewa. Office na zuwa da ƙaramar manhaja mai suna SelfCert da mutum zai yi wa kansa hatimi, amma amfaninta bai wuce kwamfutar da aka yi shi a kai ba sai an girka shi a sauran.

Tun 2022 wani sabon zane ya shigo, ja, wanda ba shi da maɓallin amincewa ko kaɗan. Windows na manna wa duk fayil ɗin da ya sauko daga intanet ko imel wata ɓoyayyiyar alama, Office kuma ya toshe makron fayil mai ita, sai dai in yana amintaccen wuri ko yana da hatimin da aka amince da shi. Idan ka tabbatar da wanda ya aiko, ka rufe fayil ɗin, ka danna shi da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka zaɓi Unblock. Tabbatarwar nan kuwa ta waya ce ko baki da baki, domin wanda ya ƙwace imel ɗin abokin aikinka da sunansa zai rubuto maka. Wani abin lura ga ofisoshinmu da filash ke yawo hannu zuwa hannu: yawancin filash na da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba sa riƙe wannan alamar. Fayil ɗin da ya bi ta filash zai iso maka a wanke, ba jan zane, ko da daga intanet ya taso.

Batun mahaɗi daban ne, kuma ya fi shafar daidaiton lissafi. Idan wani gida a fayil ɗinka na ɗauko adadi daga wani fayil, Excel na tambaya ko ya je ya ɗauko sabo. A ƙarƙashin Data akwai wurin gyara mahaɗai, inda za ka zaɓa wa fayil ɗin ɗaya cikin uku: ya riƙa tambaya, ya yi shiru bai sabunta ba, ko ya yi shiru ya sabunta. Na tsakiyar nan ne tarkon akawu, don zai iya kai wa maigidansa rahoto da alƙaluman watan jiya ba wanda ya ankarar da shi. Idan ba ka buƙatar mahaɗin kuma, ka yanke shi, lissafin ya koma tsayayyun lambobi. Amma ka ajiye kwafi tukuna, in an yanke ba a iya mayarwa.

Masu rubuta makro kan tambaya ko akwai layin da za su saka don fayil ya kashe gargaɗin makro da kansa. Babu. Makron bai tashi ba tukuna a lokacin da ake tambayar, kuma da zai iya ba kansa izini, da kowane ɓarawo ya fara rubutunsa da wannan layin.

Kafin ka kai fayil ɗin wani cikin amintacciyar foldarka, dubi wutsiyar sunansa. Mai ƙarewa da xlsx ba ya ɗaukar makro na VBA. Xlsm da xlsb da tsohon xls suna iya ɗauka. Jerin farashin kaya ko takardar neman biyan kuɗi ba su da dalilin zuwa da makro, don haka idan suka zo da shi, ka kira wanda ya aiko ka tambaye shi me makron yake yi. Idan shi ma bai sani ba, ka ce ya sake turo maka a xlsx.