Kurman Yaro Da Makarantar Da Ke Tsakar Gida

Akwai wata kalma da nake ganin ta yi wa 'ya'yanmu illa fiye da yadda muke zato, wato "nauyin baki". Yaro zai shekara biyu bai ce "mama" ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, amma sai manya su ce a ƙyale shi, ai ubansa ma sai da ya shekara uku bakinsa ya buɗe. Wani lokaci maganarsu takan zama gaskiya. Sau da yawa kuwa ba a gane cewa yaron kurma ne sai ya isa shiga makaranta, alhali shekaru ukun farko, waɗanda ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe a cikinsu, sun riga sun wuce.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce yara miliyan 34 ne ke da larurar ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kare aukuwarta. A nan Arewa mun san masu jawo ta: ƙyanda, shawarar jarirai, ciwon kunne mai zubar da ruwa, allurai irin su gentamicin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, sai kuma sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ba tare da jinkiri ba.

Masana a Amurka sun tsayar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da larurar kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. Binciken da Christine Yoshinaga-Itano da abokan aikinta suka buga a 1998 a kan yaran jihar Colorado ya nuna cewa waɗanda aka gano kafin wata 6 sun zarce waɗanda aka gano daga baya wajen harshe. Ashe dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, mene ne wannan taimako? Mai karatu ya sani cewa yawancin kurame suna da ɗan sauran ji, kuma na'urar ƙara ji, ko wadda ake dasawa ta hanyar tiyata, tana kai sauti ne kawai zuwa ga ƙwaƙwalwa. Gane ma'anar sautin sai an koya. Malaman wannan darasi kuwa iyaye ne, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma su suke wuni da su. Wannan fahimta ce ta sa Louise Tracy, mahaifiyar wani kurma, ta kafa cibiyar John Tracy a birnin Los Angeles a 1942, wadda ta yi suna wajen aika wa iyaye darussa ta gidan waya har ƙasashe masu nisa.

Darasin yakan fara da asuba. Uwa ta sa wa yaro na'urarsa, ta tabbatar batirin yana da rai, sannan ta tsaya inda ba ya ganin bakinta ta furta sautuka shida da masani Daniel Ling ya zaɓa: aa, uu, ii, mm, sh, s. Sun ƙunshi sautin magana tun daga mai kauri har zuwa siriri. Idan jiya yaro ya juyo da jin "s" amma yau bai juyo ba, to akwai matsala a na'urar ko a kunnen. Na'urar kuma a bar masa ita duk tsawon lokacin da yake farke, ba a adana ta cikin akwati sai ranar zuwa asibiti ba.

Mataki na farko shi ne yaro ya lura cewa akwai sauti. Ana daka a turmi, ko ladan ya kira salla, ko an ƙwanƙwasa ƙofa, sai uwa ta nuna kunnenta ta ce, "Ka ji? Inna ce take daka," ta ɗauke shi ta kai shi ya ga inda ƙarar take fitowa. Idan ya kai kimanin shekara biyu, sai a mayar da abin wasa: ya riƙe lemo kusa da kunnensa, da ya ji an buga ganga ya jefa shi cikin kwano. Daga nan a wuce ga bambancewa, akuya tana "mee", kyanwa tana "miyau". Sannan ganewa, a ajiye takalmi da kofi a ce ya miƙo kofi, ba tare da an nuna da yatsa ba. A ƙarshe a kai ga fahimta, inda za a aike shi ya kai wa Baba buta.

Wanka da cin abinci da sa riga duk aji ne. Uwa ta riƙa faɗin abin da take yi da cikakkiyar jimla, kusa da kunnensa, da muryarta ta yau da kullum, domin ihu yana gurɓata sauti. Idan ta yi magana ta dakata ta jira amsa. Ya ce "uwa" yana nufin ruwa, ta ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa mai sanyi." Waƙar reno kuwa tana da muhimmanci na musamman a wurinmu, saboda Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali suke sauya ma'ana. Tsawon wasali kaɗai ya raba garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi.

Sai dai akwai al'adunmu da ya kamata mu sake dubawa. Goyo yana kusantar da yaro ga muryar uwa, amma yana ɓoye masa fuskarta, don haka a riƙa sauke shi ana fuskantarsa. Kunyar ɗan fari, wadda take hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, tsadarta ta yi yawa idan yaron kurma ne. Haka nan rediyon da ke wuni a kunne da janareto da ke ruri a bakin taga suna haɗiye maganar da yaron yake fafutukar ji.

Dole kuma in faɗi gaskiya: ba kowane yaro ne zai yi magana da baki ba, kuma ba kowane gida ne zai iya sayen na'ura ba. Saboda haka ban yarda da masu cewa a hana yaro maganar hannu don kada ta hana shi buɗe baki ba. Maganar hannu ta kuramen Kano cikakken harshe ce, har Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a 2000. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne yaro ya girma babu harshe ko ɗaya.

Kirana ga gwamnatocin jihohinmu shi ne su haɗa gwajin ji da allurar rigakafi, kamar yadda binciken Dokta Bolajoko Olusanya a Legas ya nuna cewa mai yiwuwa ne, su kuma horar da ma'aikatan da za su koya wa iyaye waɗannan wasanni da Hausa. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da asibitocin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Iyaye kuma, duk wanda ya ga ɗansa ba ya firgita da ƙara, ko ya shekara ɗaya ba ya gwaranci, ya nemi likitan kunne a wannan mako. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.