Samari Shida da Aka Yi wa Makoki da Ransu

A wani dare na watan Yunin 1965, wasu samari shida suka sulale daga wata makarantar kwana ta mishan a Nuku'alofa, babban birnin ƙasar Tonga, suka nufi bakin teku. Babu wanda ya kai shekara 20 a cikinsu. Zaman makaranta ne ya ishe su, sai suka ƙulla cewa za su tafi Fiji, mai nisan kilomita kusan 800, in ta kama ma su zarce Niyu Zilan. Ba su da jirgi, don haka suka kwance na wani masunci, ƙaramin jirgi mai tafiya da iska wanda tsawonsa bai fi mita bakwai da 'yan kai ba. Guzurinsu buhu biyu na ayaba, da 'yan kwakwa, da ƙaramin murhun gas. Ba taswira, ba kamfas.

Da suka ɗan yi nisa suka saki anga, barci ya kwashe su duka. Cikin dare guguwa ta taso, ta tsinke igiyar angar, ta yayyaga ƙyallen jirgin, ta karya abin da ake juya akalarsa da shi. Gari ya waye ba sa ganin ƙasa ta kowace fuska. Kwana takwas igiyar ruwan Tekun Fasifik tana tafiya da su inda ta ga dama. Abinci ya ƙare, ruwan sha babu. In an yi yayyafi sai su tara shi a ƙoƙon kwakwa, su raba daidai, kowa kurɓi ɗaya da safe, kurɓi ɗaya da yamma. Ni a ganina a nan labarin ya ɗauki hanyarsa, tun kafin su ga tsibiri. Mai ƙarfi a cikinsu yana iya fizge ƙoƙon ya shanye, kuma ba mai hana shi a tsakiyar teku. Bai yi ba, sauran kuma suna kallo suka ga bai yi ba.

A rana ta takwas suka hango Ata, wani curin dutse da ya taso daga cikin ruwa, kilomita kusan 160 kudu da babban tsibirin Tonga. Wurin ba shi da rairayin da jirgi zai tsaya lafiya, sai tsaunuka masu gangare da igiyar ruwa tana dukansu dare da rana. Jirgin ya riga ya fara wargajewa, suka faɗa ruwa suka yi iyo har suka kama gaɓa, jikinsu duk ya mutu.

Watanni ukun farko sun sha wuya ƙwarai. A wani kogo a gindin tsauni suka fake. Suna kama tsuntsayen teku su ci ɗanye, su sha jininsu da ƙwansu saboda ƙishirwa, su haɗa da ɗanyen kifi da kwakwar da suka samu. Daga baya suka yi ƙarfin hali suka hau tsaunin, sai ga su a cikin wani kwari mai dausayi, bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. A nan suka tarar da abin da ba su zata ba: kufai. Ga ayaba ta yaɗu, ga gwaza ta zama ta daji, ga kaji suna kiwo ba mai su.

Kufan yana da tarihi, kuma tarihin cin amana ne. Sunan ƙauyen Kolomaile, mutane ɗari uku da wani abu ne suke zaune a cikinsa a da. A shekarar 1863 wani jirgin farautar manyan kifayen teku mai suna Grecian ya zo daga Tasmaniya, kyaftin ɗinsa Thomas McGrath. Mutanen Ata sun saba da jirage su tsaya a yi musayar kaya, don haka da aka gayyace su ciki suka hau ba tare da ɗar-ɗar ba. Suna shiga ƙarƙashin jirgin aka rufe ƙofofi. Mutum kusan 144 aka tafi da su, aka sayar da su ga masu kai bayi ƙasar Peru, kuma da yawansu agana ce ta kashe su. Da labari ya kai wa Sarki George Tupou na Ɗaya, sai ya aika aka kwashe waɗanda suka rage zuwa tsibirin Eua don kada a sake. Tun daga nan ba a ƙara zama a Ata ba. Kajin da mutanen suka bari suka yi ta hayayyafa fiye da shekara ɗari, har jikokin jikokinsu suka ciyar da waɗannan samari. Duk lokacin da aka kawo labarin Ata a matsayin shaidar kyawun zuciyar ɗan Adam, ya kamata a tuna da McGrath, domin yardar da mutanen Kolomaile suka ba baƙo ita ce tarkon da ya kama su da ita.

A cikin kwarin samarin suka kafa zama. Bayan sun sha fama suka samu wuta ta hanyar murza itace, kuma tun daga ranar ba su bari ta mutu ba fiye da shekara guda. Suka raba kansu biyu-biyu, suka tsara aiki bi da bi: wasu a gona, wasu a girki, wasu a gadi suna duban ko jirgi zai gifta. Suka fafe kututturan itace suna tara ruwan sama, suka yi wa kaji akurki, suka share fili na motsa jiki. Ɗaya daga cikinsu ya haɗa jita da guntun itacen da ruwa ya kawo, da ɓarin ƙoƙon kwakwa, da wayoyi shida da aka tsinto daga tarkacen jirgi. Kullum da waƙa da addu'a suke buɗe yini, da su kuma suke rufe shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarinsu shi ne yadda suka yi da faɗa. Sun yi faɗa, ba sau ɗaya ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa; balle samari shida a kan dutse, ga yunwa, ga kewar gida, ga ƙishirwa a lokacin da ruwan sama ya ɗauke. Amma sun yarda da wata ƙa'ida: in biyu suka saɓa, sai a raba su, wannan ya tafi wancan gefen tsibiri, wancan ya tafi ɗaya gefen, su yi 'yan sa'o'i har zuciya ta huce. Sannan a dawo da su gaban sauran, su nemi gafarar juna. Ba su dogara da cewa tunda abokai ne ba za su ɓata ba. Sun san za su ɓata, sai suka tanadi hanyar dawowa tun kafin ɓacin ya zo. Ba duka manya masu furfura ne suke da wannan hangen ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambayar daga ina irin wannan rabon adalci yake fitowa. Michael Tomasello da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Max Planck da ke Leipzig a Jamus sun wallafa wani gwaji a 2011. Sukan sa yara biyu 'yan shekara uku su ja igiya tare don su fito da wasu 'yan kayan wasa, amma a shirya abin yadda ɗaya zai samu uku, ɗayan ya samu ɗaya. Mafi yawan lokuta mai ukun yakan miƙa wa abokinsa ɗaya su daidaita. In kuwa kayan faɗo musu suka yi ba tare da sun yi aikin tare ba, ba kasafai yake bayarwa ba. Da aka yi irin gwajin da cimfanzi, ɗaya daga cikin biran da suka fi kusa da mutum a halitta, aikin tare bai sa ya yi rabo ba. Fahimtar Tomasello ita ce kakanninmu na can da sun rayu ne a yanayin da ba mai ci sai an yi nema tare, don haka wanda ya cuci abokin farautarsa yau, gobe ba mai fita da shi, kuma wanda ba mai fita da shi yunwa ce ajalinsa. A Ata wannan lissafi a fili yake. Mutum shida ne kawai. In ɗaya ya rasu, wa zai karɓi gadinsa?

Sai dai lissafi kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya faru ranar da ɗayansu ya zame daga tsauni ya karya ƙafa ba. Suka sauka suka ɗauko shi, suka yi masa ɗori da itace da ganye, suka raba aikinsa a tsakaninsu har ya warke. Mai karaya a irin wannan wuri baki ne da za a ciyar ba tare da hannun da zai yi aiki ba, kuma ba wanda ya san ko zai sake takawa. Da likita ya duba ƙafar bayan an cece su, ya tarar ƙashin ya haɗe sarai.

Kada a ɗauka ko'ina haka ake yi. A 1864 jirage biyu suka tarwatse a tsibirin Auckland, kudu da Niyu Zilan, wata huɗu tsakaninsu, kuma mutanen kowanne ba su san da na ɗayan ba. Na farko, Grafton, mutum biyar ne a cikinsa daga ƙasashe daban-daban. Tun a ranar farko suka yi wahalar fito da wani marar lafiya a cikinsu zuwa gaɓa. Suka gina ɗaki, suka zaɓi shugaba, da dare suna koya wa juna karatu da harsuna. Bayan fiye da shekara ɗaya da rabi, uku suka gyara ƙaramin kwalekwale suka ƙetare zuwa Niyu Zilan, kyaftin Thomas Musgrave kuma ya komo da kansa ya ɗauko biyun da aka bari. Duka biyar suka rayu. Na biyu, Invercauld, mutum 19 suka kai gaɓa da rai. Suka fara barin masu rauni a baya, kowa ta kansa yake yi. Uku kaɗai aka samu da rai bayan shekara guda. Masani Nicholas Christakis, wanda ya bi diddigin labaran jiragen da suka tarwatse a littafinsa na 2019, ya ba wannan bambanci muhimmanci, ko da yake yanayin saukarsu ma ya bambanta, domin mutanen Grafton sun tsira da kayan aiki da bindiga. Abin da ni na gani a ciki shi ne abin da aka yi wa mai rauni na farko yakan gaya wa kowa abin da za a yi masa in tasa ta zo.

Samarin Ata sun taɓa ɗaure itatuwa don su yi fito su bar tsibirin, igiyar ruwa ta wargaza abin tun ba su yi nisa ba. Suka koma ga jira, suna cinna wa ciyawa wuta in sun hango jirgi. A can gida kuwa an neme su an gaji, an yi musu addu'ar jana'iza, iyaye sun yi makoki. Sarauniya Salote ta rasu a Disambar 1965, ɗanta Taufa'ahau Tupou na Huɗu ya hau gado, duk ba su da labari.

Ranar 11 ga Satumbar 1966 wani Ba'ostiraliye mai suna Peter Warner yana wucewa da jirgin kamun kifinsa, Just David. Da madubin hangen nesa ya lura da tabon ƙuna a jikin tsaunin, abin da ya ba shi mamaki a wurin da aka ce ba kowa. Can sai ga mutum tsirara, gashi har kafaɗa, ya faɗo ruwa yana iyo ya nufo su. Ma'aikatan jirgin suka tsorata, suna zaton ɓarayi ne da aka yasar a tsibirin. Saurayin ya hau jirgi ya yi magana da Turanci mai kyau, ya ce su shida ne, kuma a ƙirgensu sun yi wata 15. Warner bai gaskata ba sai da ya kira Nuku'alofa ta rediyo ya karanta sunayensu. Bayan minti 20 mai karɓar saƙon ya dawo yana kuka, ya ce waɗannan yara an riga an fid da rai da su.

Suna isa gida 'yan sanda suka shiga jirgin suka kama su, domin mai jirgin da suka ɗauka bai yafe ba, kuma yana da haƙƙi. Warner ya sayar wa gidan talabijin na Channel 7 da ke Sidni izinin yin fim a kan labarin, ya biya mai jirgin fam 150, aka sake su. Sarki ya kira Warner ya tambaye shi abin da yake so, ya ce izinin kamun manyan jatan lande a ruwan Tonga, aka ba shi.

Daga nan labarin ya kwanta shekaru da dama, alhali littafin William Golding na 1954, Lord of the Flies, wanda ya ƙaga yaran Ingila a tsibiri suna farautar juna, ana ta koyar da shi a makarantun duniya kamar shi ne gaskiyar halin yara in ba babba a kansu. Sai a 2020 marubuci ɗan ƙasar Holan, Rutger Bregman, ya sake fito da labarin Ata, miliyoyin mutane suka karanta. Wasu 'yan Tonga sun nuna rashin jin daɗinsu da yadda aka ba da shi, kuma ina tare da su. Sun ce an mai da Baturen da ya tsince su jigon labari, an kuma yi ta mamaki kamar yaran sun ƙirƙiro wani sabon abu. Waɗannan yara sun tashi ne a gidajen da ake raba abinci, ake girmama na gaba, ake addu'a tare safe da yamma, kuma sun san teku da gona tun suna ƙanana. Da tarbiyyarsu suka sauka a Ata.

Warner ya sayi sabon jirgi, ya sa masa suna Ata, ya ɗauki samarin aiki, suka samu ganin duniyar da suka gudu don su gani. A 1974 jirgin yana kusa da tudun murjani na Middleton a Tekun Tasman, ɗaya daga cikin shidan nan yana cikin ma'aikata, sai ya hango walƙiyar madubi daga nesa. Wasu mutum huɗu ne da jirginsu ya tarwatse, sun yi fiye da wata guda a maƙale a wurin. Aka juya jirgi aka je aka ɗauko su.